Sunan da Jatau Bai Iya Faɗa Ba

Bakin Jatau makaniki ne ya jawo aka goge mahaifiyarsa.

'Yarsa mai shekara sha huɗu ce ta yi wa kwamfutar rabon ruwa kutse, famfon unguwarsu ya wuni yana zuba. Dokar kutse kuwa ba ruwanta da shekaru: goge mutum ake yi daga rajista. Wanda aka goge, ƙofar mota ba ta buɗe masa, balle ta asibiti.

Da hantsi aka kira Jatau ofis. Ba kowa a ciki, sai akwati mai magana a jikin bango.

"Maigida, da wayar gidanka aka yi aikin. Faɗi mai laifin, ko a goge gidan duka."

Yarinyar sunan kakarta ta ci, Hansatu. Tun ranar suna Jatau bai taɓa furta shi ba. Wane ɗa ne zai kama sunan uwarsa gatsal? Bakinsa ya faɗi abin da ya saba kiranta.

"Inna ce."

"Inna, mahaifiyar maigida. An karɓa."

"Tsaya! Ƙaramar nake nufi!"

"An karɓa."

Ya dawo gida a guje, ya faɗa wa tsohuwa.

"Kul ka koma," ta ce. "Ni na gama shiga mota. Ita fa?"

Da la'asar ciwon ƙirjin tsohuwa ya tashi. Ya goya ta da ƙafa har asibiti. In ya sauke ta, ƙofar ta buɗe masa. In ya ɗauke ta, ta rufe. Yana nan tsaye yana roƙon ƙofa, ya ji hannunta ya saki wuyansa.