Mai Allura a Gidan Yari

Tunda an sa ka cikin masu duba sunayen waɗanda za a yi wa afuwa, ɗana, zauna ka ji misalin wani mutum kafin ka ɗauki alƙalami.

Manomi ne. Yana da shekara ashirin da huɗu rigimar iyakar gona ta haɗa shi da maƙwabcinsa. Ya ɗaga fartanya ya sauke masa a ka, sau ɗaya, mutumin bai kai la'asar ba. Bai yi musu a kotu ba, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Shekarunsa na farko a gidan yari ba su yi kyau ba, daga faɗa sai zagin gandirobobi. Daga baya aka haɗa shi ɗaki da wani tsohon Banufe mai aikin babbar riga. Tsohon ya dubi hannuwansa, ya ce hannun da ya iya ɓarna haka ba zai kasa gyara ba, ya miƙa masa allura. Shekara biyu ya yi yana ɗinkawa yana warwarewa. Kafin tsohon ya rasu ya iya aska biyu, ya iya aska takwas, zarensa yana kwanciya a ƙirjin riga kamar an zana. Allura ta koya masa zama wuri ɗaya, zaman kuma ya sa shi tunani. Mai ta da faɗa ya koma mai raba faɗa. Duk Juma'a yana yi wa wanda ya kashe addu'a, yana kiran sunansa.

Gonarsa ta daɗe da zama ta wasu, matarsa ta yi wani aure. Burinsa ɗaya ya rage: ya fita da sauran idonsa, ya kafa tabarma a wata rumfa ya ci da kansa da allura, kada ya zama kaya a wuyan kowa.

A wannan gari, duk shekara akan nemi shugaban gidan yari ya aika da sunayen waɗanda suka shiryu. Mai laifin kisa kuwa ba a duba nasa sai dangin mamaci sun yafe a rubuce, takardar ta biyo ta hannun shugaban. Don haka duk lokacin aika sunaye sai mai allura ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis, ya durƙusa, ya tambaya. Amsar ɗaya ce: "Dangin mamaci ba su huce ba tukuna. Ka ƙara haƙuri. Ina aka kwana kan rigar nan?" Rigunan nasa su shugaba yake kai wa manya gaisuwa, riga ɗaya kuwa tana buɗe ƙofar da wasiƙa goma ba ta buɗewa. Shugabanni uku suka yi zamani a kansa, kowa ya tashi ya bar wa na baya shi tare da makullai. Yana gani ana sallamar waɗanda suka addabi gidan don a huta da su. Bai yi ƙorafi ba. Yakan ce a ransa, jini ne, masu jini kuma suna da hakkin riƙe fushinsu.

Ido ya fara hazo. Ya matsa kusa da taga, daga nan ya koma tsakar gida cikin rana. Zura zaren da yake yi a karo ɗaya ya koma karo biyar, ya koma sai an zura masa. A shekararsa ta ashirin da bakwai ya gama wata riga, askarta ɗaya ta karkace, shi bai gani ba. Shugaba ya juya ta, ya ajiye. Wata biyu bayan haka aka kira shi ofis, aka ce ya gode Allah, dangin mamaci sun huce bana.

Ƙanwarsa ce ta zo ta riƙe masa sanda. Ya ce kafin ya taka ko'ina a kai shi gidan mamaci ya yi godiya. Wan mamacin, tsoho tukuf, ya fito zaure ya tarar da shi durƙushe, ya ɗaga shi.

Ya ce, "Bawan Allah, wace bana? Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka yafe. Mu bakwai muka dangwala yatsa, ni da ƙafata na kai takardar ofishin shugabanku. Da muka ji shiru, muka ɗauka ka fito ka raina mu."

Mai allura ya yi lissafi a ransa: shekara goma sha ɗaya baya, yana zura zaren tsamiya a ƙaramar allura ko da rana ta yi sanyi. Ya shafa ƙasa ya lalubo sandarsa. Ya rayu shekara huɗu a ƙaramin ɗakin ƙanwarsa, ana miƙo masa tuwo, ana nuna wa hannunsa inda miya take.

Wanda aka zalunta ya yafe, hukuma kuma ta buɗe ƙofa, amma takarda ta kwanta a aljihun tebur, don mutumin ya gyaru har ya yi amfanin da ba a son rabuwa da shi. In an kawo maka sunaye, ka tambayi waɗanda ba a rubuta ba, ka tambayi wa suke yi wa aiki. Hausawa sun riga sun faɗa: rijiya ta bayar, guga ya hana.