Dabinon Shafa'atu

Shafa'atu na tsoma dabino cikin tukunyar cakulan aka yi sallama a zaure, irin sallamar da ba ta jiran amsa.

Mutum ne dogo cikin yunifom ɗin duba-gari, sabo fil, har da ragowar zanen alli a bakin aljihu. Shekarar 1998 ce. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha, kusan kullum sai an wayi gari da sabon ofis da sabuwar doka, don haka ba ta yi mamaki ba.

"Ke ka yin dabinon ga da aka saidawa Sabon Gari?" Ya ɗaga ƙullin leda ɗaya. "Ina sunanki? Ina adireshi? Ina ranar da anka yi shi? In ɗiyan mutane sunka ci sunka kwanta, wa za a kama?"

Da wannan dabino take ci da marayunta uku. Mijinta direba ne, shi ya fara kawo mata garin cakulan daga kudu, ya rasu ya bar ta da sana'ar. Mata da yawa sun gwada, nasu kafin azahar ya narke ya zama kunu. Nata kuwa ko a tashar Bungudu ya wuni cikin rana, yana nan ƙyam. Sirrin kuwa man kaɗanya ne, da yadda take wanke shi da ruwan tsamiya har warinsa ya fita, da awon da take zubawa. Ko Asabe ba ta sani ba.

Asabe kuwa aminiya ce ta ƙut-da-ƙut, katanga ce kawai tsakaninsu. Ita ke taya ta cire ƙwallon dabino, ita ke ƙulla leda. Takan yi mata tsiya, "Ke dai da sirrin ga za a rufe ki." Su yi dariya, a wuce wurin. Bikin Asabe na bayan Sallah da wani mutumin Tsafe, Lukuman, wanda Shafa'atu ba ta taɓa sa wa ido ba sai dai labari. Duk da haka ta matse bakin aljihu ta saya mata atamfa koriya mai zanen tsuntsaye. Asabe ta rungume ta har da ƙwalla, ta ce ango da kansa zai san yadda za a yi da ita.

Duba-garin ya ce doka ba ta san sirri ba. Sai an rubuta duk abin da ke ciki, da awonsa, da yadda ake haɗawa, a kai ofis a buga hatimi, sannan a ba ta izinin manna takarda a jikin leda. Kafin nan, ƙulli ɗaya ya fita gidan, sai kotu.

Ta leƙa ta katanga ta kira Asabe neman shawara. Asabe ba ta shigo ba, wai hannunta da ƙullu. Daga can ta ce, "Faɗa mishi, 'yar'uwa. Wa ka ja da hukuma?"

Ta faɗa. Yana rubutawa tana jin kamar ana kwance mata zane a kasuwa. Sai da ya sa ta maimaita awon tsamiyar, ya ninke takarda, ya tafi.

Azumi ya kama, lokacin da dabino ya fi tafiya, tukunyarta na kife. Ta je ofishin da ya kwatanta mata, aka ce ba a ga takardarta ba, ta dawo. Ta koma, aka ce mai hatimi ya tafi ta'aziyya. Wanda ya san ofis ya san wannan waƙar, sai ta haƙura. Masu kanti kuma labari ya riga ya kai musu cewa hukuma ta hana kayanta. Asabe ma ta yi wuyar gani, ana ta kai-kawon biki.

Ana cikin goman ƙarshe ƙaramar 'yarta ta shigo da ƙulli a hannu, wani ya saya mata a tasha. Dabino ne cikin cakulan, da 'yar takarda manne tsaf: sunan kamfani, adireshi, rana. Shafa'atu ta ajiye shi a rana tun hantsi. La'asar ta yi bai narke ba. Da aka sha ruwa ta gutsura, sai ga ɗan tsamin nan a ƙarshen harshe, nata, wanda ko cikin barci ta san shi. Ba ta iya haɗiyewa ba. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ya fita da kuka.

Wani a ofis ya sayar da sirrinta, haka ta yanke. To, dokar da ta kashe ta ita za ta nuna mata hanya, tunda adireshi na jikin leda: bayan tasha, Tsafe. Ta so Asabe ta raka ta, aka ce tun safe ta fita.

Ta hau bas ita kaɗai, tana ta shirya maganar da za ta faɗa wa matar da ta sayi guminta.

Ba mace ta tarar ba. Shagon tela ne, katan-katan na dabino jibge a gefe, yunifom ɗin duba-gari rataye a ƙusa, zanen allin nan na nan a bakin aljihu. Dogon mutumin da ke kan keken ɗinki ya ɗago kai, ƙafarsa ta tsaya cak. Shafa'atu ba fuskarsa ta tsaya kallo ba, ta riga ta san ta. Abin da ke ƙarƙashin allurarsa take kallo: atamfa koriya mai zanen tsuntsaye.