Zanen da Ya Daina Kaɗawa

Bari in ba ka misali da wata mai bandar kifi da aure ya kai ta can kudu, bakin teku. Mijin ya rasu ya bar mata yara huɗu, ga ta da saurin fargaba, ko tari yaro ya yi sai ta kwana a kansa. A garin, duk shekara in ruwan teku ya yi sanyi ƙananan kifi kan taso tuli, a yi ta banda wata uku, da shi ake ci har shekara ta zagayo. Ana saura 'yan makonni, ta ƙudura za ta sayar da awakinta biyu ta tara itace, gonar bayan gida kuwa ta haƙura da ita bana. Ran nan tana shanya, wani tsohon masunci da ido ya soma gaza masa ya tsaya jikin danga ya kasa kunne. Ya ce, "'Yata, yaushe rabon da ki ji zanenki ya yi fat-fat a kan igiya?" Ta shiga lissafi. Ashe ta fi mako biyu ba ta bi ɗankwalin da iska ta kwashe daga igiya da gudu ba! Ya ce ai iskar nan ce ke kore ruwan ɗumi na sama, mai sanyi ya taso daga ƙasa da kifinsa. In iskar ta kwanta teku zai yi zafi, kifi ya ƙi tasowa, sai dai tekun nawa gare shi, a makare yake nunawa.

Da ta faɗa wa maƙwabta, suka je suka tsoma ƙafa, suka ji ruwa da sanyinsa. Aka yi ta dariya, wai Baba ya bar duban ruwa ya koma sauraron wanki. Ita dai hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta ƙyale awakinta, ta ɗau fartanya ta shuka masara, tana yi tana jin kunyar masu wucewa. Lokacin kifi ya zo, teku ya zama kamar ruwan wankan jariri. Jirage suka riƙa dawowa wayam, tulin itacen mutane yana tsaye gara na ci. Yaranta ko sau ɗaya ba su kwana da yunwa ba, har ta samu na miƙa wa masu dariyar ta kan danga. Masarar farko da ta karya, da hannunta ta gasa, ta kai wa tsohon, ta durƙusa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.