Lasifikokin Bature da Gangar Sayibu

Amfilifaya ta biyu ma, injin ƙara ƙarfin sauti, ta fara ƙauri tun faifan bai kai rabi ba. Zubeiru ya fizge waya daga bangon shagonsa, ya busa yatsa, ya harari lasifikokin nan biyu. Kowace ta kai masa ƙirji. Na wani Baturen gandun daji ne da ya yi gwanjon kayansa bayan Gana ta samu 'yanci, kuma sun gaji halin maigidansu, ba sa yi wa ƙaramin inji aiki.

Wata mata daga unguwar Kaladan, Awawu, ita ta saye su ta kawo masa. Ta miƙa masa faifai guda, awarwaronta na kaɗawa, ta gaya masa abin da ake ciki. Mahaifinta Mba Imoru makaɗin lunga ne, wato kalangun Dagomba. Ya makance, ciwon zuciya kuma ya kwantar da shi. Kowace safiyar Juma'a, daga kan gadonsa yake jin ɗansa Sayibu na kaɗa kirarin kakanninsu a tsakar gida. Abin da ya rage masa a duniya ke nan.

"Sayibu ba ya nan, Fita," ta ce, yadda suke kiran mai gyara. "Ya bi kudu, ya bar kiɗa. Baba bai sani ba. In ya ji gangar gidanmu ba ta da magaji, wallahi ba zai ga wata Juma'ar ba."

A Kumasi aka ɗauki kiɗan a faifai, ita da kanta ta je ta kawo shi. Juma'ar nan kuma tsohon ya ce lallai ta zauna kusa da shi su saurara tare.

Yaudarar kunnen makaho aiki ne, balle makahon da ya tsufa a kiɗa. Amfilifayar farko, wadda Zubeiru ya ciro daga wani garmaho, ba ta da ƙarfin tura lasifikokin, sai ganga ta fito kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya. Ta biyu ta motar 'yan siyasa ce, ihu kawai ta iya, ga shi ma'auninta bai dace da nasu ba, ta yi zafi ta ƙone.

Awawu kullum tana bakin ƙofa, ta ƙi zama. In faifai na juyawa, gwiwar hannunta na hagu sai ta riƙa matse haƙarƙarinta tana saki. "Muryar ƙasa ba ta fito ba," take cewa. Abin da ya fi ba Zubeiru haushi, gaskiyarta ce.

Ranar Laraba ya rufe shago ya bazama neman ainihin amfilifayar Baturen, don ba a raba tukunya da murfinta. Ya same ta a unguwar Nyanshegu, wurin wani akawu da ya saye ta don ado. Da roƙo da magiya aka ba shi aro. Ya ɗauko ta a ka, nauyi kamar dutsen niƙa, ya ɗaura wayoyin a inda ma'auni ya zo daidai, ya jira ƙwayayen gilashinta suka yi ja, ya ɗora allura.

Ganga ta shigo shagon da jikinta. Ana jin fata, ana jin kukan igiyoyi in an matse su. Zubeiru ya ji daɗi har ya yi dariya shi kaɗai.

Sai ya ji wani abu. Can ƙasa-ƙasa, bayan kowane bugu mai ƙarfi, wani siririn cas-cas da injinan baya ba su taɓa fitarwa ba. Hankalinsa ya tashi. Ya ɗaure kowane noti, ya canza allura, ya musanya ƙwayaye, ya cusa tsumma a bayan akwatunan. Cas-cas yana nan.

Da Awawu ta ji shi ranar Alhamis, fuskarta ta canza. "Cire shi, Fita."

Ya murɗa maɓallin da ke rage siririyar murya. Cas-cas ya tafi, ran gangar ya bi shi.

"Ko duka biyun, ko babu," in ji shi. "Injin nan ba ya ɓoye komai."

Ta daɗe tana shafa wuyan hannunta kafin ta ce ya bar shi.

Da safiyar Juma'a aka turo kayan a kura zuwa Kaladan. Zubeiru ya jawo wuta daga shagon maƙwabci, ya girke lasifikokin a gindin bishiyar da Awawu ta nuna masa. Ta shiga ɗakin tsohon, ta bar labule a ɗage. Daga inda yake, yana hango Mba Imoru ya lalubo hannunta ya riƙe.

Ya ɗora allura. Kiɗa ya cika gida. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, ta dubi gindin bishiya, ta dubi Awawu a ɗaki, ta yi sororo ta koma.

Tsohon bai motsa ba har faifan ya ƙare. Zubeiru ya ga hawaye na bin kumatunsa, ya ga yatsunsa na shafa wuyan hannun 'yarsa, wanda yau babu komai a kansa. Sannan tsohon ya yi magana da Hausa, da ƙarfin da za a ji a tsakar gida.

"Ki gode wa mai gyaran nan, 'yata, injinsa ya iya aiki. Har awarwaronki ya kawo mini, yadda nake jin su kowace Juma'a tun shekarar da Sayibu ya tafi."