Bangon da ke Fuskantar Teku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 2019, gari ya waye da yayyafi da hazon teku, a wannan safiyar ce wata malama mai ritaya ta sa hannu a takardar sayar da gidan kakanta. Kakan nata bafataken goro ne da ya gangaro Kurmi ya zauna a bakin teku, ya gina bene mai faɗin baranda da tagogin katako, har masu kwalekwale suna gane hanyar gida da shi. Gidan ya fi ƙarfinta, 'ya'yanta kuma duk sun koma Arewa, saboda haka ba ta yi baƙin ciki ba. Mai sayen mutum ne mai ladabi, sana'arsa ke nan, ya sayi tsohon gida ya raya shi don masu hannu da shuni. Da aka gama, ya tambaye ta ko akwai abin da ya kamata ya sani game da ginin. Akwai kuwa. Tun tana ƙarama, duk shekara kafin saukar damina kakarta kan sa a tara katantanwar teku a ƙona, a jiƙa tokar ta kwana arba'in a randa, a shafe bangon da ke fuskantar ruwa da ita. Tsohuwar takan ce bangon nan numfashi yake yi, kada kowa ya toshe masa hanci. Amma malamar ta dubi injiniyoyi biyu da ke tsaye da na'urorinsu, ta ji nauyin a ce mace mai digiri ta kawo musu zancen hancin bango. Sai ta ce babu komai.

Ta kama ɗan ƙaramin gida bayan kasuwar kifi, kullum da hantsi takan biyo ta gaban benen. Aikin ya yi mata daɗi ƙwarai. An kankare matattakalar katako har asalin icen ya fito, an maido da tagogin yadda suke, an haƙa wurin ninkaya a inda da ake shanya goro. Bangon teku kuwa aka yaɓe shi da siminti, aka bi da fenti mai sheƙi. Damina ɗaya ta wuce lafiya. A ta biyu fentin ya fara kumbura kamar fatar da wuta ta taɓa, gishiri yana zubowa daga ciki kamar gari, ɗakunan ƙasa suka ɗauki warin danshi. Sau uku ana kankarewa ana sake yaɓe, kowane karo da simintin da ya fi na baya ƙarfi, bangon kuma yana ƙara jiƙa. Daga ƙarshe injiniyoyi suka yanke cewa ya ruɓe, za a rushe shi bayan damina a sa gilashi, baranda kuma ta tafi tare da shi. Maigadin gidan, wani dattijo da ya san ta tun tana budurwa, shi ya tsegunta mata. Ta yi kwana biyu tana juya maganar, ta sa aka ƙona mata katantanwa, ta jiƙa, da kwanakin suka cika ta zo masa da bokiti a hannu.

Ya dube ta ya dubi bokitin, ya ce, "Hajiya, mu dai mun san akuyar da aka sayar ce ke dawowa cin danga. Yau kuma mai akuyar ce da kanta?"

Ta ce, "Kamu ɗaya kawai nake roƙo, Malam, can bayan madafa inda ido ba ya kaiwa. In bai yi ba, ni ban zo ba, kai ma ba ka gan ni ba."

Suka ɓamɓare simintin wurin, suka bar bulon ya sha iska mako guda, ta shafe shi da hannunta yadda ta ga ana yi. Ruwa ya ci gaba da sauka har wata biyu. Ranar da mai gidan ya zo da masu rusau su duba aiki, maigadi ya ja shi bayan madafa, ya ce ya taɓa. Mutumin ya ɗora tafinsa a kan fentin, ya ji sanyi da danshi. Ya matsar da shi kan farin wurin, ya ji shi a bushe ƙayau. Ashe ruwan gishirin da bangon ke sha, ta cikin wannan shafen yake fita a da, siminti ne ya kulle shi a ciki. Nan take ya sallami masu rusau, ya bar saƙo cewa yana roƙon Hajiya ta rubuto masa duk abin da ta sani, kome ƙanƙantarsa.

Sai da ta zauna rubutun ta gane yawan abin da ke cikinta: watan da ake shafen, tagar da ba a rufewa ko ana ruwa, indararon da yashi ke toshewa duk shekara. Shafi biyar ta cika. A layin farko ta nemi gafara kan amsar da ta ba shi ranar ciniki. Ta liƙe ambulan, ta taka zuwa gidan waya ta jefa shi, ta biya kasuwa ta sayi kifin miya, ta koma gida hankalinta kwance.

Masu na'ura sun auna bangon nan sama da ƙasa, amma wadda ta tashi a gindinsa ita ta san ciwonsa. Da ma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.