Shuɗin Ɗigo a Ƙofar Shago

Tana ganin direban da ke neman aurenta ya shigo shago ta sunkuyar da kai kan wayar da take gyarawa. Rabon da su haɗa ido tun ranar da yayanta ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga wanda ba a san inda yake kwana ba.

Ya ajiye wayarsa a gabanta. "Saita min ita, wani ya riƙa ganin duk inda nake."

Wani ko wata? Ta haɗiye tambayar, ta buɗe taswira. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda wayar take sai yawo yake.

"Ka gani, ko ita ta kasa tsayar da kai wuri ɗaya."

"Lalacewa ta yi?"

"Rufin kwano ne ya tare ta. Taurarin ɗan'adam ba ganinka suke ba, saƙo kawai suke turowa. Ita ke auna lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka, ta gane inda take. Mu fita."

Suna tsayawa a bakin titi ɗigon ya natsu, daidai ƙofar shagonta.

"Faɗi lambar mai kallon," ta ce.

Kafin ya kai ƙarshe yatsanta ya tsaya cak. Lambar yayanta ce.

"Ya ce bai san makwancina ba. To, ya yi ta kallo har ya gaji."

Ta ƙara tata lambar a ƙasa, ta miƙa masa wayar ba ta ɗago ba.

"Yayana nauyin barci gare shi," ta ce. "Ni zan riƙa dubawa."