Tayoyi Huɗu Kafin Bishkek

Nurzat ta tsayar da motarta a ƙofar shagon Talant mai taya, a kasuwar garin Osh. Ba ta gaishe shi ba. Sati uku ke nan da mahaifinta ya ce ba zai ba mai faci 'yarsa ba, kuma tun ranar Talant bai sake taka layinsu ba.

"Tayoyin tafiya kan ƙanƙara biyu za ka sa mini a gaba," ta ce, idonta na kan bango. "Gobe zan koma Bishkek da zama."

Ya durƙusa ya shafa tayar baya. Ta suɗe sumul.

"Huɗu zan sa, ko babu."

"Kowa a garin nan biyu yake sawa."

"Kowa ba ke ba ce. In kika hau dutsen hanyar Bishkek cikin ƙanƙara, gaba zai riƙe, baya ya juya da ke cikin kwazazzabo. Je ki wani shagon, hannuna ba zai yi wannan aikin ba."

Sai yanzu ta dube shi. "A kan taya kana da baki ashe. Ranar da Baba ya ƙi, ai shiru ka yi."

Ya miƙe a hankali. "Ban iya roƙo ba, Nurzat."

"Ni ma ban iya ba."

Ta daɗe tana kallon baƙin man da ke yatsunsa, sannan ta ajiye masa makullin a tafin hannu.

"Sa huɗun. In ka gama, ka kai ni gida. Kada ka wanke hannun, haka nake so Baba ya gaisa da kai."